Bamba Ta Takwas

Tumaki ne suka tona zancen. Har rana ta ɗaga ba a tatse su ba, suna ta kuka a bayan katanga, shi ne masu wucewa suka leƙa suka tarar da Stratis jingine da bangon ɗakin cukunsa na kan dutse, kamar mai hutawa. Ba hutawa yake ba. An matse shi da bayan mota tun daga ƙugu har haƙarƙari, aka ja gaba, aka sake dawowa kansa. Jininsa ya bi tsakanin duwatsun bangon ya gangara har cikin bokitin madara.

'Yan sanda sun hawo daga birni, sun ɗauki hoto, sun yi tambaya, kowa ya ce bai ga komai ba. Suka tafi da gawar wurin likita, suka ce gobe da safe za a dawo da ita. Motarsu na ɓacewa a kwana, Pavlos ƙanen mamacin ya aika a kira masa Sifis.

Shekara arba'in Sifis yana bin sawun tumakin sata a wannan dutse, kuma ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Abin da ya ce ya gani a ƙasa, ko fada a coci ba ya musa masa. Ya iso yana dogara sanda, ya tarar Pavlos har ya sa baƙar riga, bindiga a kafaɗa. Pavlos ya nuna masa bangon. Ƙarfe ya kankare dutsen a miƙe, faɗin tafin hannu, da ramuka biyu inda zobban jan mota suka shiga. Bambar roba ta kamfani ba ta yin haka. Bambar ƙarfe ce, irin wadda masu hawa dutse ke sa wa a-kori-kurarsu a baya, kuma a duk ƙauyen mutum ɗaya ne ke ƙera ta ya ɗaura: Lefteris mai walda, ɗan Sifis, tilo.

Ba sai an yi wa tsohon bayani ba. Kwana takwas da suka wuce Stratis ya harbe karen Lefteris, wai yana korar masa tumaki, ya rataye shi a ƙofar gareji da waya. Lefteris ya yi rantsuwa a shagon gahawa gaban mutum ashirin cewa sai ya rama. Yau da safe kuma an ga bambar motarsa da ɗanyen fenti.

"Kawu Sifis, saboda furfurarka na kira ka," in ji Pavlos. "Muddin ɗan uwana yana saman ƙasa ba zan taɓa kowa ba, ka san al'ada. Gobe da azahar za mu rufe shi. Daga maƙabarta gareji zan wuce."

Sifis ya ce a kore masa kowa daga wurin. Da ya rage shi kaɗai, ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara. Maza sun tattake rabin filin da takalmansu, Allah ya shirye su, mutum ya ga gawa sai ya yi ta zagaye kamar jaki a turke. Duk da haka ƙasa ta bar masa abu biyu. Na farko wani kan noti ne da ya tsinke, ya faɗa cikin kashin tumaki, mai kusurwa huɗu, wurin karayar yana ƙyalli. Na biyu sawun ƙafa ne guda ɗaya, ƙarami, a kan sawun taya, daidai inda direba zai sa ƙafa in ya sauko. Sifis ya daɗe yana kallonsa. Ya ɗauko faffaɗan dutse ya kifa a kai, yadda yake yi wa duk sawun da bai gama karantawa ba, ya jefa notin a aljihu.

* * *

Ya sami Lefteris a gareji yana ta gugar ƙarfe kamar ba kansa ake nema ba. Lefteris ya ce masa fentin jiya da yamma ya shafa, tsatsa ce ta fito, kuma bai hau dutse ba tun ranar Asabar. Sifis ya so ya yarda, amma ya san zuciyar da ya haifa. Ya kwanta a ƙasa ya shiga ƙarƙashin motar ɗan nasa.

Aikin Lefteris ba ya ɓuya. In zai ɗaura bamba, sai ya cire ta roba, ya ɗaga ta ƙarfen a kan jak biyu, ya daidaita ta da igiya har tazarar hagu da dama ta zo ɗaya, sannan ya huda ƙashin motar. Noti takwas yake sawa, masu kusurwa shida, na ƙarfe mai tauri. Duk wanda ya ɗaure tamau sai ya ɗiga masa rawayan fenti, don kada ya tsallake wani. Sifis ya ƙirga takwas, fentinsu ya tsufa, ƙura ta zauna a kansu. Sifana ba ta taɓa su ba a wannan shekarar. Tsohon ya sauke numfashi a ƙarƙashin motar, inda ba mai ganinsa.

Amma wannan ba zai tsayar da Pavlos ba, sai ya ce mai walda ne, ya san yadda zai tsufar da fenti. Sifis ya fito ya ajiye kan notin a kan maƙera. Lefteris ya ɗauka, ya juya shi, ya ce wannan ai notin tsohuwar garma ce, mai laushi, mahaukaci ne kawai zai riƙe bamba da shi. Yana cikin maganar sai ya katse, ya ajiye notin da sauri.

"Bamba nawa ka ƙera?"

"Bakwai na ɗaura, Baba."

"Ban tambaye ka nawa ka ɗaura ba."

Lefteris ya sunkuyar da kai ya ce takwas. Ta takwas ɗin mai ita ya ɗauke ta a bayan mota ranar Asabar, ya ce shi zai ɗaura abarsa. Sifis ya tambayi suna, yaron ya yi shiru. Ya sake tambaya, shiru. Sai ya ɗauke shi da mari, marin da ya fasa masa leɓe, mutum mai shekara talatin da biyar da 'ya a gida. Lefteris ya tofar da jinin ya ce ko Pavlos zai yanka shi a kan maƙerar nan, wannan sunan ba daga bakinsa zai fita ba.

Sifis ya fita yana zagin taurin kai, ya manta daga wurin wa yaron ya gada.

* * *

Ya fara da Nikitas, wanda kowa ya san hannunsa ba ya zama lafiya kusa da tumakin mutane, kuma bambarsa ta lotsa a gefe. Ya makara. 'Yan uwan Pavlos sun riga shi, sun karya wa mutumin hanci da gindin bindiga, ya same shi zaune a bakin famfo yana jiƙa tsumma. Nikitas ya rantse da kabarin uwarsa itacen zaitun ya daka tun watan jiya. Sifis ya leƙa ƙasan motar, noti takwas, ɗigon rawaya takwas. Ya ce masa ya ci gaba da jiƙa tsummansa, wannan karon kam ba shi ba ne. Sauran motocin ma ya bi su ɗaya ɗaya kafin la'asar, duk lafiyarsu ƙalau.

Daga nan ya shiga gidan makoki. Mata sun cika falo suna waƙar kukan mutuwa, matar mamacin, Argiro, tana zaune a tsakiyarsu ba ta kuka. Sifis ya san ta tun tana rarrafe, 'yar amininsa Zaharis ce. Ya yi mata gaisuwa, ya tambaye ta yaushe rabonta da mijin. Ta ce tun shekaranjiya da ya hau dutse. Da ta miƙo masa gahawa da hannun hagu, ya ga dalili: yatsu biyu na hannun daman a ɗaure suke da ƙyalle, sun kumbura, sun karkace. A ƙarƙashin baƙin ɗankwalin kuma kunnenta a yage yake inda aka fizge ɗan kunne. Ta ce ƙofar mota ce ta datse ta. Duk ƙauyen sun san irin ƙofar da ke datse Argiro shekara tara, kowa kuma ya ja bakinsa, har da Sifis.

Da zai fita ya dubi takalman da ke bakin ƙofa, don idonsa ba ya iya wuce takalmi. Akwai na hawa dutse guda biyu, ƙanana, an wanke su tas an kifa su bushe.

* * *

Da gari ya waye ya koma kan dutse ya bi sawun tayar. Daga ɗakin cuku motar ba ta bi hanyar ƙauye ba, ta bi tsohuwar hanyar alfadarai. A gefen sawun akwai wani layi da ƙarfe ya ja a ƙasa, yana kartar dutse yana barin ɓurɓushin baƙin fenti. Gefe ɗaya na bambar ya zube yana ja. Ya bi layin nan kusan awa biyu, ta cikin ƙaya da tsakuwa, har ya kai shi bakin ramin da makiyaya ke jefa mushen tumaki.

A nan motar ta tsaya, kuma a nan ƙafar da ta sauko ba ƙarama ba ce. Namiji ne mai nauyi, ya kwanta a ƙasa ya kwance abin da ya rage, ya ja ƙarfen shi kaɗai har bakin ramin. Ƙafar damansa ba ta ɗaguwa sosai, tana share ƙasa kafin ta sauka. Sifis ya zauna a kan dutse. Shekara hamsin yana tafiya a bayan wannan ƙafar, tun ranar da alfadari ya karya ta, shi ya goyo mai ita zuwa gida. Yanzu ya gane shirun Lefteris. Zaharis ne ya riƙe 'yar Lefteris a coci ranar baftisma, kuma a wannan dutse mutum ya gwammace ya tona ɗan uwansa na jini da ya tona uban baftismar 'yarsa.

Ya zura ƙugiya da igiya, ya yi ta lalube cikin wari da ƙudaje har ta kama zobe. Ya gangara ya kawo tasa motar ta finciko ta. Bambar ta fito da gashin tunkiya da busasshen jini a jikinta.

* * *

Zaharis yana rumfar zaitun ɗinsa yana yanka cuku. Motarsa na gefe da tsohuwar bambar roba, an mayar da ita an ɗaure da waya saboda maƙalanta sun kakkarye. Ya ga abin da ke bayan motar Sifis, bai ko tashi ba. Ya zuba tsikudiya, barasarsu ta gida, a ƙananan kofuna biyu ya tura masa ɗaya.

Sifis ya ce Zaharis dai har ya mutu ba zai bar wani ya taɓa masa kaya ba. Lefteris ya ba shi kyautar bamba, ya ce ya kawo mota ya ɗaura masa, ya ƙi. Zaharis ya yi dariya kaɗan ya ce ramukan ne suka ƙi haɗuwa, ya huda nasa, notin yaron suka ƙi shiga, ya kwance na garmar ubansa guda huɗu ya sa. Ranar Lahadi ya gama, ko ƙauye bai shiga da ita ba. Ranar Litinin da asuba aka ari motar za a kai wa tumaki dusa.

Bai faɗi wanda ya ara ba, Sifis bai tambaya ba.

"Da azahar za su kashe min yaro, gurgu."

"Na sani, tsoho. Na so in je da kaina, amma Pavlos ba zai yarda da bakina ba, sai ya ce ina rufa wa yaron ne. Da bakinka zai yarda." Ya shanye kofinsa. "Ka yi aikinka. Abu ɗaya nake roƙo. Sawun mutum nawa ka gani a can sama?"

Sifis ya kai hannu ga kofi. Ya shanye nasa, ya ji kamar wuta ya haɗiya.

* * *

An rufe Stratis da azahar, aka yi harbi sama. Pavlos bai tsaya karɓar gaisuwa ba, ya gangaro gareji da maza shida a bayansa. Ya tarar Sifis ya riga ya tara mutane: Lefteris da fasasshen leɓe, Nikitas da kumburarren hanci, fada, da Zaharis, motoci uku a jere sun juyo baya. A tsakiya bambar tana kwance a ƙasa, ƙudaje na binta. Mata suka tsaya nesa a bakin hanya, Argiro a cikinsu.

Sifis ya ce ga ƙarfen da ya kashe Stratis, daga ramin mushe ya ciro shi. Ya nuna musu hannayen bambar, inda aka huda ramuka huɗu a karkace, ɗaya ma ya ci gefe, da guntun noti mai laushi maƙale a ɗaya. Ya ciro kan notin daga aljihu ya haɗa da guntun, suka zauna daram. Ya ce bamba ba ta shiga ko'ina sai jikin motar da aka huda ta tare da ita, don haka za a gwada ta a gaban kowa.

Aka fara da motar Lefteris. Pavlos da kansa ya riƙe sifana, ya kwance noti takwas ɗin yana gumi, aka sauke bambar yaron, aka ɗaga ɗayar a kan jak. Ramukan ba su ko gaisa ba, tazarar yatsa uku a tsakaninsu. Nikitas ya roƙa a gwada tasa a wuce wurin, ita ma haka. Saura ta uku. Wani ya ce ai ta Kawu Zaharis roba ce, me za a gwada. Sifis ya sa almakashin waya ya datse ɗaurin, robar ta faɗi ƙasa, sababbin ramuka huɗu suka bayyana a ƙashin motar, bakinsu na ƙyalli.

Ya ce wa Lefteris ya ɗaura. Yaron ya ce ba zai iya ba. Sifis ya ce masa in bai ɗaura ba shi zai kwanta ya yi da tsufansa, kuma kowa ya gani. Lefteris ya kwanta a ƙasa yana hawaye, ya murɗa jak na hagu, ya murɗa na dama, ƙarfen ya hau a hankali. Ya zura noti na farko, ya shige ba gardama. Na biyu haka. Na uku haka. Da na huɗu ya shige ramin nan da ya ci gefe, gareji ya yi tsit, har ana jin ƙudajen.

Zaharis ya cire hularsa ya ba fada ya riƙe masa. Ya ce shi ne. Ya ce shekara tara yana kallon 'yarsa ana karya ta gaɓa gaɓa, ranar Litinin ya hau ya sa ribas, kuma da za a dawo masa da ranar sai ya sake.

Pavlos ya sauke bindigar daga kafaɗa, amma bai saita ba tukuna. Shi ma ɗan makiyaya ne, ya san tsohon da ƙyar yake taka burki da wannan ƙafar, ya kuma san wa ke kai dusa ranar Litinin. Idonsa ya tafi bakin hanya wurin mata, ya dawo kan Sifis.

"Kawu, ba ka taɓa yi wa kowa ƙarya ba. Sawun mutum nawa ka gani a wurin?"

Sifis ya dubi ɗansa da ke kwance a ƙarƙashin mota da ransa, ya dubi amininsa.

"Ɗaya," ya ce. "Mai jan ƙafar dama."

Fada ya ɗaga hannu zai yi magana, bai samu ba. Harsashin ya sami Zaharis a ƙirji ya maka shi da bambar da ya ɗaura da hannunsa, ya sulale ya zauna a jikinta yadda aka tarar da Stratis. Pavlos ya ajiye bindigar a ƙasa, ya zauna a kan taya, ya ce a kira 'yan sanda. Daga bakin hanya aka ji muryar Argiro, kukan da ba ta yi wa miji ba kwana biyu.

Lefteris ya rarrafo ya rungume gawar. Ya ɗago ya dubi ubansa da wani irin ido, Sifis ya san yaron ba zai yafe masa ba, wataƙila har abada. Bai damu ba. Mai rai ne ke ƙin yafewa.

Kafin rana ta faɗi ya sake hawa dutsen, shi kaɗai, a hankali. Ba wanda ya tuna da tumakin Stratis, suna ta kuka a bayan katanga, hantsarsu ta cika. Ya ɗaga faffaɗan dutsen nan. Ƙaramin sawun yana nan yadda ya bar shi, dunduniya ta nutse sosai, kamar na wadda ta sauko ta daɗe a tsaye tana kallo. Ya wurgar da dutsen gefe, ya buɗe ƙofar katangar, ya tsaya da sandarsa yana karkato tumakin ta kan sawun, har ta ƙarshe ta wuce.